Daga Bindigar Toka zuwa Injin Ɗura Harsashi: Awo, Matsi da Gubar Dalma

Idan kaka ta wuce, aka kwashe dawa da gero daga gonaki, ciyawa ta bushe, sai lokacin farauta ya kama a ƙasar Karaye da Rogo. Daga garin Turawa da sauran ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, mafarauta kan fita da karnuka da gora da barandami, wasu kuma da bindigar toka rataye a kafaɗa. Wannan bindiga, wadda wasu ke kira adaka ko harba-ka-ruga, ta baki ake ɗura ta. Maharbi ya zuba albarushi, ya danna shi da tsumma, sa'an nan ya bi shi da ƙwayoyin dalma ko gutsattsarin ƙarfe. Ma'auninsa shi ne idonsa da tafin hannunsa da abin da ya gani wajen mahaifinsa.

A wasu ƙasashe, musamman Amurka, akwai masu ɗura wa kansu harsashi a gida, amma da inji. Kwatanta waɗannan hanyoyi biyu zai nuna wa mai karatu abin da ke faruwa cikin bindiga, da kuma wata illa da ta haɗa su, wadda ba ta ƙara, ba ta hayaƙi.

Kalmomin kansu suna ɗauke da tarihi. Bindiga da albarushi da harsashi duk daga Larabci muka aro su, kuma asalin kalmar harsashi a can ma'anarta dalma. A ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Barno ya samo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Babba Zaki (1768 zuwa 1776) a matsayin wanda ya fara ajiye 'yan bindiga a fada, waɗanda har yau muke jin rugugin magadansu a hawan sallah. Ta kudu kuwa, fataken ƙasar Denmak da suka kafa sansani a bakin tekun Ankara sun sayar da dogayen bindigogi masu yawa, har sunan ƙasarsu ya bi irin wannan bindiga a Turancin Afirka ta Yamma.

Abin da ke tura harsashi

Baƙin albarushi ya samo asali daga ƙasar Sin, wajen ƙarni na 9. Garin gawayi ne da farar wuta da wani gishiri mai suna fotasiyam naitiret. Gawayi da farar wuta su ne makamashi. Gishirin kuwa shi ke ba da iskar oksijin, shi ya sa albarushi ke ci ko a rufe yake ruf, inda itace ba zai ci ba. Da ya kama, sai ya rikiɗe ya zama iska mai tsananin zafi cikin ƙiftawar ido. Iskar nan tana neman fili, ba ta da hanya sai ta bakin bindiga, sai ta ingiza abin da ya tare ta. Fiye da rabin albarushin ba ya zama iska. Shi ne farin hayaƙin da ke turnuƙe filin hawa, da kuma daskararren dattin da ke saura a cikin bututu.

A 1884 wani masanin kimiyya Bafaranshe, Paul Vieille, ya fito da albarushi marar hayaƙi, wanda kusan dukkansa ke zama iska. Ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi. A cikin bindigar zamani mai dogon zango, matsin da yake haifarwa kan kai ninki dubu huɗu na matsin iskar da muke shaƙa. A nan ne haɗari na farko yake ga mutanenmu. Maƙerin gida sau da yawa yakan yi bindigar toka da bututun ƙarfen da ba don wannan aiki aka yi shi ba. Duk wanda ya farke harsashin zamani ya juye albarushinsa cikin irin wannan bututu, to, ya riƙe bom ne kusa da fuskarsa.

Harsashin zamani sassa huɗu gare shi: kwanso na tagulla, da 'yar hular ƙyastu a gindinsa wadda ke tartsatsi idan an ja kunama, da albarushi, da ƙwayar da ke fita. Bayan harbi uku sun tafi, kwanso ya rage, kuma shi ne mafi tsada. Wannan shi ne dalilin sake ɗuri: a tsince kwanso, a sabunta sauran.

Injin mai faifai

Injin ɗuri na farko kwanso ɗaya yake ɗauka, aiki ɗaya yake yi a lokaci guda. Wanda ya fi shi ci gaba yana da faifan ƙarfe mai gurabe huɗu ko biyar, kowane gurbi da kwansonsa. A samansa akwai mazubai na ƙarfe, kowanne da aikinsa, ana ɗaura su kamar yadda ake ɗaura noti. Idan aka ja mariƙi sau ɗaya, faifan ya ɗaga, duk ayyukan su gudana tare: nan ana matse kwanso ya koma girmansa ana fitar da tsohuwar hula, can ana zuba albarushi, gaba ana zaunar da ƙwaya, a ƙarshe ana liƙe bakin kwanso. Sa'an nan faifan ya juya taki ɗaya, harsashi guda ya faɗo kammalalle. Kamfanin Star Machine Works na San Diyego ya yi suna da irin wannan inji tun shekarun 1930, daga baya kamfanin Dillon Precision na jihar Arizona, wanda aka kafa a 1977, ya yaɗa shi cikin gidaje. Yakan fitar da harsashi ɗaruruwa a awa guda.

Abin lura ga ɗalibin kimiyya shi ne, kafa injin da daidaita shi ya fi jan mariƙin cin lokaci nesa ba kusa ba. Dole a ɗaure shi a kan tebur mai nauyi, domin ko girgiza kaɗan tana sauya yawan garin da ke zuba. Ana daidaita mazubai ɗaya bayan ɗaya, a gwada da kwanson da babu albarushi a cikinsa. Ma'aunin da ake amfani da shi ana ce masa giren. Giren 7,000 ne ke yin laba ɗaya, watau giren ɗaya bai kai miligiram 65 ba, kuma sikelin masu wannan aiki yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren. Injin da mudu yake awo, ba da nauyi ba, saboda haka sai an riƙa juye abin da ya zuba a kan sikeli ana tabbatarwa. Duk wanda ya taɓa auna garin masara da mudu ya san cikar mudu ba ita ce daidaiton nauyi ba.

Haka kuma zurfin da ƙwaya ke shiga cikin kwanso. Idan ta nutse fiye da kima, filin da iska za ta fara taruwa ya ragu, matsi ya hau. Wanda ya karanta dokar Boyle zai gane tushen wannan, amma abin ya wuce nan, domin albarushi marar hayaƙi yana ƙara saurin ci idan matsi ya ƙaru, saurin cin kuma ya sake ƙara matsi. Ƙaramin kuskure ba ya tsayawa ƙarami.

Kurakurai biyu aka fi tsoro. Ko dai kwanso ya sami zubi biyu, bindiga ta tarwatse. Ko kuma ya wuce babu zubi, hula kaɗai ta tura ƙwaya ta maƙale a tsakiyar bututu, harbi na gaba ya tarar da hanya a toshe. Saboda haka wasu injuna ke da gurbi na musamman mai ƙararrawa, wanda ke leƙa kowane kwanso. A ganina darasin da ke nan ya shafi kowane inji mai sauri: ba ya gyara kuskuren wanda ya daidaita shi, maimaita shi yake yi sau ɗari kafin a farga.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan sana'a ce da zai iya kafawa a zaure. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta haramta ƙera ko harhaɗa bindiga da harsashi sai a wuraren da hukuma ta amince, irin su masana'antar kayan yaƙi ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Ita kanta bindigar toka dokar ta ambace ta, ta kuma sa ta ƙarƙashin lasisin 'yan sanda. Ganin halin da yankin arewa maso yamma ya shiga game da ɓarayin daji, ba sai an yi dogon bayani a kan hikimar wannan ba.

Gubar da sikeli ba ya gani

Me ya sa dalma? Tana da nauyi, giram 11.3 a kowane santimita murabba'i mai zurfi, tana da taushi, tana da araha, kuma tana narkewa a digiri 327 kacal. Ba sai maƙeri ba, ko murhun gida ya isa. Abin da ya sa ta dace da harsashi shi ne ya sa take shiga gidaje cikin sauƙi, sau da yawa daga tsohon batirin mota.

Jikin ɗan Adam ba shi da wani amfani da dalma ko kaɗan. Matsalar ita ce jiki yana ɗaukarta a matsayin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi kuma yake taimaka wa jijiyoyi isar da saƙo. Sai ta bi hanyoyin kalsiyam ta shiga ƙwaƙwalwa, ta dagula yadda ƙwayoyinta ke haɗuwa da juna a lokacin da yaro ke girma. Tana kuma toshe wasu sinadarai biyu da jiki ke buƙata wajen haɗa jan jini, shi ya sa mai gubar dalma ke fama da ƙarancin jini. A jini takan ragu da rabi cikin kimanin wata guda, amma wadda ta shige ƙashi takan zauna shekaru da dama. Idan mace ta sami juna biyu, jikinta ya fara ɗibar kalsiyam daga ƙashinta domin gina na ɗan tayi, sai tsohuwar dalmar ta fito tare da shi ta ratsa mabiyiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa, kuma ƙananan yara suna tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa daga abin da ya haɗiya. A 1991 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ɗaukar maikurogiram 10 a kowane desilita na jini a matsayin abin damuwa. A 2012 ta sauko da shi zuwa 5, a 2021 kuma zuwa 3.5.

Mu a nan arewa mun ga iyakar abin. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yaran da ke mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara gubar dalma ce ke kashe su, daga ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. A 2015 irin haka ta auku a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Dalmar maharbi ba ta kai wannan yawa ba, amma hanyar ɗaya ce: ƙura ta sauka a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. Kuma ƙaramar guba ba ta kawo farfaɗiya balle a ruga asibiti. Abin da malami zai gani kawai shi ne yaro mai jinkirin fahimta, marar natsuwa, sai a ce da shi daƙiƙi.

Mai injin Amurka ma bai tsira ba. Hular ƙyastu ta gargajiya tana ɗauke da sinadarin dalma, kuma ƙurar da ke tashi wajen fitar da tsofaffin huluna da goge kwanso cike take da shi. Sikelinsa yana ganin miligiram shida na albarushi, amma ba ya ganin abin da ya manne a yatsunsa.

Sai kuma naman. Hotunan asibiti da aka ɗauki dabbobin da aka harbe sun nuna cewa dalma tana farfashewa ta bar ɓarɓashin da ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. Dafa naman da abu mai tsami yana ƙara narkar da ita cikin romo. Tsuntsayen ruwa irin su kirinjijiya da dinya sukan tsinci ƙwayoyin dalmar da suka faɗa cikin laka, suna zaton tsakuwar da ƙundunsu ke niƙa abinci da ita ce. Ƙundun ya niƙe dalmar, tsuntsun ya shanye ya mutu. Shirwa da ungulu kuma su ci mushen. Wannan ne ya sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a 1991, ƙasar Denmak, wadda bindigarmu ta gaji sunanta, ta hana ƙananan ƙwayoyin dalma a farauta gaba ɗaya a 1996, Tarayyar Turai kuma ta hana su a fadamu da dausayi daga 2023. Tafki kamar na Challawa, inda ake kamun kifi kuma tsuntsaye ke sauka, irin wuraren da waɗannan dokoki suka nufa ke nan.

Ga gidan da akwai maharbi, abin yi ba mai tsada ba ne. Kada a narka dalma a cikin gida ko a tukunyar da za ta koma madafa. Wutar gawayin da ake hurawa da zugazugi ta zarce digiri 327 nesa, kuma da ƙaruwar zafi tururin gubar ke ƙaruwa. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a ware rigar aiki daga wankin yara. A yanke naman da ke kewaye da raunin harbi a binne shi, kada a jefa wa kare. Mai juna biyu da ƙananan yara gara su haƙura da naman da aka harba da dalma. Idan kuma ana zargin yaro ya riga ya kamu, gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa. Akwai maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, shi aka ba yaran Zamfara ya ceci rayuka da yawa, sai dai ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa.