Kafintocin Gida, Ku Daina Jingina Katako da Bango Kara Zube

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare wajen kafintocin da ke aiki a gida, a zaure ko ƙarƙashin rumfar ƙofar gida. Da an sauke kaya daga kasuwar katako, irin ta Na'ibawa a Kano, sai a jingina su da bango mafi kusa, dogo da gajere, falle kan falle, babu abin da ya tare su sai kariyar Allah. Mai yin haka ya san nauyin abin da ya jingina, domin shi ya yi gumin sauke shi. Fallen filawud mai ƙafa 4 a faɗi da ƙafa 8 a tsawo, kaurin milimita 18, yakan kai kilo 25 zuwa 30, na MDF kuwa ya kusa 40. Falle goma na filawud sun kai nauyin buhun siminti biyar ko shida, a tsaye, a kan hanyar da yara ke bi su fita makarantar allo. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da ake neman falle ɗaya a tsakiya. Sai a sa yaron shago ya tallabi na gaba da ƙirjinsa, oga yana ƙara masa ɗaya bayan ɗaya, alhali duk karkatar da suka ƙara, nauyin da ke kan yaron ƙaruwa yake yi. In ya fi ƙarfinsa, babu damar gudu. Wannan sakaci ne, kuma mutumin da ke ƙera wa jama'a gado da kabad ba shi da uzurin kasa ƙera wa katakonsa mazauni.

Mazaunin da ake magana ba wani abin a zo a gani ba ne. Ana fara shi da dandamali na tu-bai-fo da zai ɗaga gindin katako daga ƙasa kamar inci 4 zuwa 6, a buga masa ɗan baki a gaba don kada gindin ya zame. Wannan ɗagawar tana da dalili: ta bakin yanka katako ya fi shan ruwa, kuma simintin ƙasa yana riƙe laima da damina ko da ido bai gani ba, gara kuma ta ƙasa take hawowa. Daga bayan dandamalin sai a tayar da majingina mai ɗan karkata, a gitta mata sanduna uku, ƙasa da tsakiya da sama, yadda katako zai samu madafa a duk tsawonsa. Karkatar ba ta buƙatar yawa: a tsawon ƙafa 8, gindi ya fito daga bango kamar inci 8 zuwa ƙafa ɗaya ya isa. Sai abin da ya fi kome muhimmanci, wanda kuma shi aka fi watsi da shi, wato hannuwan da ke raba kaya gida-gida. A kafa guntayen katako masu ƙwari ko bututun ƙarfe su fito daga majinginar, tazarar ƙafa ɗaya ko ɗaya da rabi, a sa maɗaci gidansa, melina gidanta, guntaye nasu daban. In ɗaya ya goce, hannun da ke gefensa zai tare shi. A gaba kuma a ratsa sarƙa ko igiya mai kauri daidai ƙirjin mutum. Filawud a ba shi gurbi nasa inda za a riƙa zaro falle ta gefe kamar littafi daga kanta, babu wanda zai sake tallabarsa da ƙirji.

Wasu tsofaffin kafintoci za su ce katako a kwance ake ajiye shi, in an tsayar lanƙwashewa yake yi. Suna da gaskiya a wuri ɗaya. Yawancin katakon da ake kawowa daga Kudu bai gama bushewa ba yake isowa, irin wannan kam shimfiɗa shi ake yi, a sa ƙananan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, kuma a inuwa, domin rana da iskar hunturu suna tsattsaga shi. Amma busasshen katako da ke tsaye kusan cak, da madafa a tsakiyarsa, ba ya bauɗewa. Abin da ke lanƙwasa shi jinginar banza ce, gindi can nesa, kai a bango, ciki yana reto babu abin da ya tare shi wata da watanni. Ita ce kuma ainihin abin da ake yi yanzu. Tsayarwa ta kuma fi tarawa a ƙasa ta fuskar wuri, ga shi tulin katako a lungu maɓoyar kunama ce da ɓera.

Wani kuma zai ce bangonsa na ƙasa ne, ko bulo mai rami, ba ya riƙe ƙusa. To kada a dogara da ƙusa. Bangon bulo a huda shi, a zura dogon noti ya fita ta baya a ɗaure da faifan ƙarfe. Bangon ƙasa kuwa kada ma a ɗora masa nauyi, a yi mazaunin mai tsayawa da ƙafafunsa, fuska biyu da suka haɗu a sama, gindi mai faɗi, ana loda kaya ta kowane ɓangare daidai wa daida. Katako mai ƙafa 12 ba zai tsaya a ɗaki ba, nasa mazaunin a ƙarƙashin rumfa za a yi, nesa da indararo da murhu. Batun kuɗi kuwa, 'yan sandunan tu-bai-fo ne da noti da aikin yini ɗaya, rabin kayan ma suna cikin guntayen da ake bai wa mata su hura wuta.

Masu gidajen da kafinta ke haya a zaurensu, da matan da 'ya'yansu ke wasa a wurin, ku ma kuna da ta cewa. In kun ga falle a jingine babu sarƙa, ku yi magana tun yau, kada ku ji nauyin kowa.