Sanyin Ƙashi da Aikin Makiyayi a Tsakanin Tsofaffin Ikkilisiya

Kusan kowace ikkilisiya a Nasarawan Doya da ƙauyukan Makarfi, Ikara da Kudan tana da tsohuwa ko tsoho da a da ba ya fashin sujada, amma yanzu sai an yi wata ba a gan shi ba. Idan an tambaya, sai a ce gwiwa ce ta hana shi. Sau da yawa muna yi masa addu'a a kan bagadi, mu wuce. A wannan darasi za mu duba mene ne ciwon, da abin da ke taimakon mai shi, da kuma nawayar da ke kanmu mu makiyaya.

Mene ne wannan ciwo?

Mutanenmu suna kiran kowane ciwon gaɓa sanyin ƙashi ko amosani. Wanda muke magana a kansa shi ne wanda likitoci ke kira osteoarthritis. A inda ƙashi biyu suka haɗu akwai guringuntsi mai santsi da ke hana su gugar juna. Da shekaru, ko aiki mai nauyi, ko tsohon rauni, ko ƙiba, guringuntsin yana sirancewa, bakin ƙashin ya yi kauri, gaɓar ta riƙe. Ya fi kama gwiwa, kwatangwalo, yatsun hannu da ƙashin baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kimanin miliyan 528 ne ke fama da shi. Kashi 73 cikin ɗari sun haura shekara 55, kashi 60 cikin ɗari kuma mata ne. Wanda ya san aikin mutanenmu ba zai yi mamaki ba: sunkuyon noma da fartanya, sara da dakon rake, daka, ɗibar ruwa, da tsuguno a gaban murhu shekara da shekaru.

Alamominsa su ne zafi da ke ƙaruwa in an yi aiki, ya lafa in an huta, da riƙewar gaɓa da safe wadda ba ta cika wuce rabin awa ba, da ƙarar ƙas-ƙas a gwiwa. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma har yanzu babu maganin da ke mayar da guringuntsin da ya cinye. Amma ana iya rage zafin, mutum ya ci gaba da harkokinsa.

Abin da ke taimako

1. Motsa jiki. Kwanciya kullum tana raunana tsokar cinya, gwiwa ta rasa mai tallafa mata. Tafiya kaɗan kowace rana, da miƙe ƙafa a zaune a riƙe ta na ɗan lokaci, sun fi zama wuri ɗaya.

2. Rage ƙiba ga mai ita. Kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku.

3. Sanda. A riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafar mai lafiya, ba mai ciwon ba.

4. Gyaran gida. Kujera mai ɗan tsayi maimakon tabarma, gado maimakon ƙasa, kujera mai rami a kan masai, da gashi da ruwan ɗumi.

5. Magani bisa shawarar ma'aikacin lafiya. A nan ne haɗari ya fi yawa. Shan diclofenac ko ibuprofen kullum yana iya jawo gyambon ciki da zubar jini, ya taɓa ƙoda, ya tayar da hawan jini, musamman ga tsofaffi. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna yana iya ƙunsar dexamethasone ko prednisolone, masu kumbura fuska, su tayar da ciwon suga, su raunana ƙashi. Tsaga da sakiya ba sa gyara guringuntsi, sai dai su bar miki.

Idan gaɓa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau tare da zazzaɓi, a kai mutum asibiti a ranar. Haka ma matashi mai ciwon kwatangwalo, musamman mai sikila. A fara da asibitin Makarfi ko na Ikara. Idan abin ya yi tsanani akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, inda ake aikin sauya gaɓa.

Kurakurai biyu da za mu guje wa

Na farko shi ne ɗora ciwon a kan zunubi, ko sammu, ko maita. Zargi irin wannan yakan faɗa kan kishiya ko matar ɗa, gida ya watse. A Yohanna sura 9 Yesu ya ƙi yarda da tunanin almajiransa cewa makantar mutumin nan hukuncin zunubi ce. Mai Wa'azi sura 12 kuma ta nuna raunin jiki a tsufa abu ne da ke jiran kowa.

Na biyu shi ne raba bangaskiya da magani. Wasu sukan kafa hujja da Sarki Asa, wanda ya yi ciwon ƙafa da tsufansa (2 Tarihi 16:12). Laifin Asa shi ne bai nemi Ubangiji ba. Bulus ya kira Luka likita da ƙauna (Kolosiyawa 4:14), ya kuma ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa (1 Timoti 5:23). Mun gaskata Allah yana warkarwa, amma kada mu sa tsohuwa ta jefar da sandarta don ta nuna bangaskiya. In ta faɗi ta karye a kwatangwalo, mai yiwuwa ba za ta sake tashi ba.

Aikin ikkilisiya

Yaƙub 5:14 ya ɗora wa dattawa zuwa wurin marar lafiya, Ayyukan Manzanni sura 6 kuma ta nuna yadda aka zaɓi mutum 7 domin kada a manta da gwauraye. Saboda haka mu rubuta sunayen waɗanda ciwo ya tsare a gida, mu tsara ziyara, mu kai musu Jibin Ubangiji. Mu sanar a fili cewa wanda ba ya iya durƙusawa ko tsayuwa ya yi sujadarsa a zaune. Mu gyara matakalar ƙofar majami'a. Matasa su yi musu gayya da damina, masu babur su riƙa ɗauko su ranar Lahadi, zumuntar mata ta taimaka da ruwa da itace.

Kada kuma mu manta da mai jinya. Yawanci matar ɗa ce, ko jika da aka cire daga makaranta. Ita ma tana gajiya, tana bukatar mai karɓarta ko da yini ɗaya a mako. Tsohon kansa mu ba shi aikin da zai iya a zaune, kamar addu'a, sulhu da koyar da yara, domin kaɗaici da ganin kai ba shi da amfani suna ƙara wa ciwo nauyi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Su wane ne suka daina zuwa sujada a ikkilisiyarka saboda ciwon gaɓoɓi, kuma yaushe ka ziyarce su?

2. Me za ka ce wa mai bi da ya tabbata jifansa aka yi?

3. Wane gyara ɗaya majalisar dattawa za ta iya yi a wannan wata ba tare da kashe kuɗi da yawa ba?