Harbin saiti daga nesa: Yadda gwanaye ke horo da inda mai koyo a Abuja zai fara

Duk wanda ya bi babban titin Umaru Musa 'Yar'aduwa daga ƙofar shiga birnin Abuja zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da sassafen hunturu, ya san yadda hazo kan lulluɓe Lugbe har gine-ginen da ke gabansa su dusashe. Idan bazara ta kama a watan Maris kuwa, kawalwalniya ce ke rawa a kan kwalta tun kafin azahar. Ga direba, waɗannan abubuwa ne da ke sa a rage gudu. Ga masu wasan harbin saiti daga nesa, hazo da kawalwalniya da iskar da ke kaɗa su suna cikin abubuwan da ke raba wanda zai ɗauki kofi da wanda zai koma gida hannu rabbana.

Matsalar tsaro ta sa kalmar harbi ta zama abin fargaba a kunnen 'yan Najeriya da dama. Amma harbin saiti wasa ne mai dokoki da alƙalai, kuma yana cikin wasannin da aka buɗe gasar Olamfik ta zamani da su a birnin Athens a 1896. Hukumar da ke kula da shi a duniya, ISSF, an kafa ta a 1907, kuma hedikwatarta na birnin Munich na Jamus. Najeriya na da tata hukumar wasan harbi ta ƙasa, rundunar sojin ƙasa da ta 'yan sanda kuma kan shirya gasa tsakanin jami'ansu. Ƙasar Hausa ma ba baƙuwar ƙwarewar saiti ba ce, domin sarautar Sarkin Baka shaida ce ga darajar da ake bai wa maharbi mai hannu tun zamanin kwari da baka.

Mene ne harbin nesa?

A gasar Olamfik, masu doguwar bindiga na fafatawa ne a tazarar mita 10 da mita 50. Gasar mita 300 ta fita daga jerin wasannin bayan ta 1972 da aka yi a Munich. Abin da ake kira harbin nesa ya zarce haka, domin yakan fara daga yadi 800 zuwa yadi 1,000, wato mita 914, tsawon da ya haura filayen ƙwallon ƙafa takwas a jere.

Tarihin wannan fanni ya faro ne daga Ingila, inda aka yi gasar farko ta ƙasa a Wimbledon a 1860, kafin a mayar da ita Bisley a 1890. Har yanzu a yadi 900 da yadi 1,000 ake yin zagayen ƙarshe na Kyautar Sarki a can, kyautar da Marjorie Foster ta zama mace ta farko da ta lashe a 1930. A Amurka kuma an fara gasar kofin Palma tsakanin ƙasashe a 1876. A nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu ce ta yi fice, kuma birnin Bloemfontein ya karɓi baƙuncin gasar duniya ta harbin nesa a 2024.

Rukuni biyu ne suka fi shahara. A na farko, ɗan wasa na kwanciya rub da ciki, ya tallafe bindiga da hannuwansa da maɗauri, ba tare da madubin hangen nesa a kanta ba. Tsakiyar allon da yake nema da'ira ce mai faɗin kusan rabin mita. A na biyu, wanda ake kira ajin F don tunawa da ɗan Kanada George Farquharson da ya ƙirƙiro shi, an yarda da madubi da abin ɗora bindiga, amma an matse da'irar can ciki zuwa kimanin santimita 13, kusan girman faifan CD.

Ƙaramin kuskure, babbar asara

Abin da ya sa wasan ke da wuya lissafi ne mai sauƙi. Idan bakin bindiga mai tsawon mita guda ya goce da milimita ɗaya tak, harsashin zai kauce da kusan santimita 90 a tazarar mita 900. Motsin da ido ba ya gani a wurin harbi ya isa ya fitar da harsashi daga tsakiyar allo baki ɗaya.

Harsashin da aka fi amfani da shi a gasar Palma na da nauyin kusan giram 10. Yana barin bindiga da gudun kimanin mita 900 a daƙiƙa, amma iska na rage masa gudu, don haka yakan ɗauki kusan daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya isa allo. A wannan ɗan lokaci nauyinsa na janyo shi ƙasa da fiye da mita takwas, abin da ke sa a ɗaga saiti ya yi tafiya kamar jifan dutse. Wannan faɗuwa ba ta cika damun gwanaye ba, domin ana iya auna ta a rubuta. Abin da ke damun su shi ne jikinsu da kuma iska, waɗanda ba sa tsayawa a hali ɗaya.

Jiki shi ne ginshiƙi

Masu horarwa kan fara da kwanciya. Ƙa'idar ita ce ƙashi ya ɗauki nauyin bindiga maimakon tsoka, domin tsoka na gajiya ta fara rawa. Akwai gwajin da ake koya wa kowane sabon shiga: ya yi saiti, ya rufe ido, ya yi numfashi sau biyu ko uku, ya saki jiki, sannan ya buɗe ido. Idan ya tarar bindigar ta bar tsakiya, to da ƙarfi yake riƙe da ita. Gyaran shi ne ya gusa da dukkan jikinsa har saitin ya zauna da kansa, ba ya murɗo bindigar da hannu ba.

Daga nan sai daidaito a wuraren da jiki ke taɓa bindiga. Kunci ya sauka wuri ɗaya a kowane harbi, gindin bindiga ya zauna gurbi ɗaya a kafaɗa, riƙon hannu ya kasance da ƙarfi iri ɗaya. Karkatar bindiga zuwa hagu ko dama, komai ƙanƙantarsa, na jefa harsashi gefe a tazara mai nisa.

Numfashi na ɗaga ƙirji ya sauke, bindiga kuma na bin sa. Saboda haka ake harbi a ɗan tsaikon da ke biyo bayan fitar da numfashi. Masu horarwa kan ba da shawarar kada tsaikon ya wuce daƙiƙa shida zuwa takwas, domin bayan haka gani na dusashewa kuma jiki na fara neman iska. Wanda bai samu saiti a wannan lokaci ba, ya sauke ya sake farawa. Bugun zuciya ma na girgiza saiti, har ta kai an haramta wa masu harbi magungunan da ke rage bugunta. A gasar Olamfik ta 2008 a Beijing, an ƙwace lambobin yabo biyu daga hannun Kim Jong-su na Koriya ta Arewa bayan an gano irin wannan magani a jikinsa.

Kunamar bindiga ita ce inda aka fi yin ɓarna. Matsa ta ake yi a hankali, kai tsaye zuwa baya, da ɗan yatsa kaɗai, ba tare da sauran hannun ya motsa ba. Mai fargabar ƙara da naushin bindiga yakan fizge ta ko ya runtse ido kafin harbin ya tashi, kuma sau da yawa bai san yana yi ba. Bayan harbi ma aiki bai ƙare ba. Ɗan wasa na ci gaba da zama yadda yake na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ya faɗi inda yake zaton harsashin ya sauka kafin ya duba. Idan zatonsa na dacewa da abin da allo ya nuna, ya fara sanin kansa. Idan ya tabbata harbinsa ya tafi daidai amma ya sauka gefe, to sai a tuhumi iska.

Karatun iska

Iskar da ke kaɗawa daga gefe da gudun kilomita 16 a awa na iya ture harsashin gasa da fiye da mita biyu a yadi 1,000. Sauyin da fuska ba za ta ji ba ya isa ya mayar da maki biyar zuwa huɗu. Don haka ake jera tutoci a tsawon filin gasa, ɗan wasa na lura da yadda suke tashi da inda suka fuskanta.

Ana kwatanta alƙiblar iska da fuskar agogo, allo na wajen ƙarfe 12. Iskar da ta fito daga ƙarfe 3 ko ƙarfe 9 na ture harsashi da dukkan ƙarfinta. Wadda ta fito daga ƙarfe 1, 5, 7 ko 11 na yin kusan rabin haka. Wadda ta fito daga gaba ko baya kai tsaye ba ta cika kautar da shi gefe ba.

A nan ne kawalwalniya ke zama abokiyar aiki. Idan aka dube ta da madubin hangen nesa, takan nuna abin da iska ke yi a tsakiyar fili, inda babu tuta. In tana tafasa tana hawa sama, iska ta kwanta ko ta miƙe. In tana malala gefe, can iska ta nufa. In ta shimfiɗe kamar ruwa mai gudu, iska ta yi ƙarfi. A gasar ƙungiyoyi irin ta Palma, akan ware gogaggen mutum ya zauna kusa da masu harbi, ba abin da yake yi sai karanta iska da juya saiti.

Yanayin Abuja na ƙara nasa darasi. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi kauri ba, don haka saitin da ya yi daidai da sanyin safiyar Janairu zai sa harsashi ya sauka sama a tsakar ranar Maris. Harsasan da aka bari a rana ma kan ƙara gudu saboda albarushinsu ya ɗumama, shi ya sa ake ajiye su a inuwa. Gwanaye na rubuta duk wannan a littafi: rana, lokaci, zafi, alƙiblar iska, saitin da aka yi da inda kowane harsashi ya sauka. Littafin ne ke nuna wa ɗan wasa kuskuren da yake maimaitawa.

Doka da fili

Mai sha'awar wasan a Lugbe ko wani sashe na Abuja zai ci karo da shinge biyu. Na farko doka ce. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, ciki har da bindigogin soja masu harsashin milimita 7.62, wanda faɗinsa ɗaya ne da na gasar Palma. Akwai na amfanin kai, waɗanda ke buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma bindigar iska na cikinsu. Sai bindigogin toka, waɗanda ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Riƙe kowace iri ba tare da izini ba laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

Na biyu fili ne. Harsashin gasar nesa na iya tafiyar kilomita uku zuwa huɗu idan ya tsallake allo, ƙaramin harsashin gasar mita 50 ma na iya haura kilomita ɗaya da rabi. Filin yadi 1,000 na buƙatar tudun ƙasa a bayan allo da kuma fili mai faɗi da ba kowa a bayan tudun. A yankin da rukunin gidaje ke ta tsirowa kamar Lugbe, ga kuma jiragen sama na sauka da tashi a kusa, gwada harbi a daji ko bayan gari jefa rayukan manoma da makiyaya da yara cikin haɗari ne.

Mita 10 ce makaranta

Wannan bai rufe ƙofa ba, domin akasarin abin da harbin nesa ke buƙata a gajeren zango ake koyonsa. Gasar bindigar iska ta mita 10 a cikin ɗaki ake yin ta, da 'yar ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5. Maki goma ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, ɗan wasa kuma na harbi 60 cikin minti 75. Wanda ya kauce da fiye da milimita biyu da rabi ya rasa goma. Idan aka miƙa wannan kuskure zuwa yadi 1,000, zai zama kusan santimita 23, wato dab da gefen da'irar tsakiya a gasar nesa. Ke nan natsuwar da ake nema a wuraren biyu kusan ɗaya ce.

Akwai kuma atisaye ba tare da harsashi ba, inda ɗan wasa ke maimaita kwanciya da numfashi da matsa kunama a gaban mai horarwa, bayan an tabbatar bindigar fanko ce. Manyan 'yan wasa ba sa raina shi, domin babu ƙara ko naushi da zai ɓoye kuskure. Daga mita 10 akan wuce mita 50, inda ƙaramin harsashi ke jin iska sosai, a nan ne karatun tuta da kawalwalniya ke farawa.

Misalin Indiya abin dubawa ne. A gasar mita 10 ce Abhinav Bindra ya samo wa ƙasar zinaren Olamfik na farko na mutum ɗaya a 2008, kuma tun daga nan matasanta suka yawaita a fagen. Abin da irin wannan tafiya ke buƙata shi ne zaure mai tsawon 'yan mitoci goma sha, bindigogin iska masu rajista a hannun ƙungiya, da mai horarwa da ya san ƙa'idojin kare rai. Ga matashin da ke Lugbe, matakin farko shi ne ya tuntuɓi hukumar wasan harbi ta ƙasa ko sashen wasanni na Babban Birnin Tarayya don sanin inda ake horo bisa doka. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, kuma wanda hannunsa bai zauna a mita 10 ba, tsadar bindiga ba za ta zaunar masa da shi a yadi 1,000 ba.