Rana ta fi kusa da mu a tsakiyar hunturu

A Gamu, cikin gundumar Gure, idan zafin Afirilu da Mayu ya tsananta sai ka ji ana cewa rana ta sauko. Lissafin masana sararin samaniya bai nuna haka ba. Duniya tana zagaya rana a kan hanya mai siffar ƙwai, kuma lokacin da ta fi matsowa kusa shi ne farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, daidai lokacin da mutane ke jin wuta da asuba saboda sanyi. A farkon Yuli, da damina, tazarar takan kai miliyan 152. Abin da ke kawo zafi da sanyi shi ne karkacewar duniya da digiri 23 da rabi: a bazara haske yana faɗowa tsaye a kan ƙasarmu, a hunturu kuwa a kaikaice.

Inda sauyin tazara ke aiki sosai shi ne wajen wata. A kowane zagaye yakan matso zuwa wajen kilomita 363,000, ya kuma ja baya har 405,000. Rana ta ninka wata faɗi kusan sau 400, amma ta ninka shi nisa kusan sau 400, shi ya sa a ido suke kamar girmansu ɗaya. Ƙaramin sauyi ya isa ya ɓata wannan daidaito.

Waɗanda suka yi wayo a 2006 ba su manta da ranar 29 ga Maris ba, sa'ad da inuwar wata ta ratsa Katsina da Maraɗi da jihar Damagaram ta nufi Libiya, gari ya yi duhu da hantsi. Kwana ɗaya kafin nan wata ya kai ƙarshen kusancinsa, don haka ya rufe rana ruf. Da a nesa yake, da zoben wuta ya rage a gefe, kamar yadda aka gani a Habasha ranar 21 ga Yunin 2020.

Husufin 2 ga Agustan 2027 zai zo wata na kusa, rana na nesa, saboda haka duhu zai wuce minti 6 a Luksor ta Masar. A Nijar wani ɓangare kawai za a gani, kuma a nan haɗarin yake: ragowar hasken yana ƙona ido, baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa. Iyaye da malaman makaranta su kula da yara.

Akwai kuma sauyin da ba ya komawa. Madubin da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka ajiye a kan wata a 1969 ya ba da damar auna cewa wata yana nisanta da duniya da santimita 3.8 a shekara, kusan yadda farce ke tsiro. Nan da shekaru kimanin miliyan 600 ba zai ƙara iya rufe rana gaba ɗaya ba.