Biron katako mai zane: aikin da bidiyon TikTok ba ya nuna maka

Idan kana yawan leƙa TikTok ko YouTube, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Wani ɗan guntun katako na juyawa a kan inji, mai aikin ya ɗora masa cizal, gari na tashi, kafin ka ankara sai ga biro mai sheƙi, da zane a jikinsa kamar an saƙa zare. A ƙasa kuwa matasa na ta tambaya, wai fenti ne ko sitika?

Babu ko ɗaya. Katako ne kala-kala aka yanka, aka manne da gam, sannan aka fere. Sana'ar ta fi ƙarfi a Amurka da Ingila, inda wasu ke yin ta don nishaɗi, wasu kuma da ita suke cefane. Amma duk mai sha'awar gwadawa ya san wannan tun yanzu: feren da kake gani a bidiyo shi ne matakin ƙarshe. Kyan biron ko lalacewarsa an riga an gama shi tun a wajen yanka da mannewa da huda.

Guntun da ake farawa da shi yakan kai milimita 19 a kowane gefe, tsawonsa kuma wajen milimita 127. Ƙarfen cikin biron saye ake yi. Nau'in da 'yan koyo suka fi farawa da shi, Slimline, yana zuwa da bututun tagulla guda 2, ana huda musu rami mai faɗin milimita 7.

Zane mafi sauƙi shi ne na zobe-zobe: ka yanka katako mai duhu da mai haske gunduwa-gunduwa, ka jera su ɗaya bayan ɗaya. Wasu na saka fallen katako siriri a tsakani, ko fallen gwangwanin lemo, ko ma tsohon katin ATM, don ya fito da layi mai kyau.

Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne ƙullin Keltik, zanen da aka san mutanen Ayalan da Sikotlan da shi. Bahaushe na ganinsa zai tuna dagin Arewa. Ga yadda ake yin sa. Da farko guntun ya zama gefensa huɗu daidai wa daida, ka sa musu lamba 1 zuwa 4. Ka yanka gefe na 1 a karkace, digiri 45, amma kada ka raba shi biyu, ka bar ɗan kaɗan yana riƙe. Ka cusa fallen katako mai wata kala a cikin tsagar, ka sa gam, ka matse, ka jira ya bushe, ka goge abin da ya leƙo. Sai ka maimaita a gefe na 3, sannan na 2, sannan na 4, kowanne daga wuri guda.

A nan mutane da yawa ke faɗuwa. Zarto yana cin katako daidai kaurin haƙorinsa, na teburi kan ci kamar milimita 3. To dole fallen da za ka cusa ya yi daidai da abin da zarton ya ci. In ya fi kauri ko ya gaza, layukan ba za su haɗu ba, ƙullin ya fito a karye. A wannan matakin guntun ba shi da wani kyau, layuka ne kawai a gicciye. Sai an fere shi ya zama zagayayye, miƙaƙƙun layukan nan su lanƙwashe su sarƙe da juna.

Gam ma da nasa hukuncin. Katako da katako, gam ɗin kafinta ya wadatar. Idan akwai ƙarfe ko roba a ciki, sai mai haɗi biyu irin su Araldite, kuma a fara kankare fuskar ƙarfen da samfefa don ya kama. Sufa-gulu na da sauri, amma yana da saurin tsinkewa idan ya sha zafi ko bugu.

Huda ita ce wurin da zuciya ke bugawa. Ramin ya bi ta tsakiya cif, in ya kauce ko da kaɗan ne zanen zai karkata gefe guda. Sannan gudun bakin huda na haifar da zafi, zafi kuma na sassauta gam, musamman inda ƙarfe yake. Shi ya sa gwanaye ke shiga kaɗan-kaɗan, su fito su kakkaɓe gari, su bari ya huce. Wasu har naɗe guntun suke da salatif kafin su fara. Mai gaggawa, aikin kwana 2 zai tarwatse masa a hannu cikin daƙiƙa guda.

Wajen fere, cizal ya kasance da kaifi, a kuma ci kaɗan-kaɗan, domin kowane katako da taurinsa. Wajen goga samfefa kuma a kula, garin baƙin katako ko na ƙarfe na shiga cikin farin ya ɓata shi. Daga ƙarshe a shafa sufa-gulu siriri hawa-hawa, a goge har ya yi ƙyalli.

Wani abin lura, katakon da masu wannan sana'a a Amurka ke saye da tsada, da yawansa daga Afirka yake fita, kamar jan katakon fadauk da baƙin katakon eboni na dazukan Kamaru da Gabon. Mu ma muna da maɗaci da kanya da ƙirya da darbejiya, kowanne da kalarsa. Sai dai a tuna da abin da ya sami maɗobiya: an yi ta sararta ana kai wa Chaina, har a 2016 yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Biro ba ya buƙatar a kayar da bishiya. Guntayen da kafintan unguwarku ke tarawa a kai murhu sun isa.

Sai batun lafiya, kuma wannan ba wasa ba ne. Kada ka taɓa riƙe ɗan ƙaramin guntu da yatsu a gaban zarton inji, ka haɗa masa katakon da zai riƙe shi. Ka sa gilashin kare ido da takunkumi, ka yi aiki inda iska ke shiga, don tururin sufa-gulu na yaji a ido da hanci. Kada kuma ka goge shi da auduga, zafi yake yi har ya ƙona fata.

In kana son gwadawa, ba sai ka fara da neman kuɗin inji ba. Je wurin kafinta, ka roƙi guntaye biyu, fari da ja, ka yanka, ka manne, ka ɗaga wurin haɗin ka duba a rana. Ranar da ka daina hango haske ta tsakaninsu, ka soma hanya.