Shin fitilar UV da ake saka wa na'urar sanyaya ɗaki tana tsaftace iska kuwa?

Tun bayan annobar korona, masu gyaran na'urorin ɗumama gida da sanyaya shi a Amurka suka samu sabuwar haja. Idan mai gyara ya zo duba na'ura, da wuya ya tafi bai yi wa mai gida tayin wata siririyar fitila mai shuɗin haske ba, wadda za a liƙa a cikin na'urar domin ta riƙa kashe ƙwayoyin cuta. Kuɗinta da na sakawa yakan kai ɗaruruwan daloli.

Tallan bai tsaya a can ba. Kamfanonin da ke ƙera iyakwandishan ɗin bango, irin wanda muka sani a gidaje da ofisoshi, su ma sun fara buga haruffan UV a jikin kwali, kuma farashin mai wannan tambari yakan ɗara na sauran.

To, me wannan fitila ke iya yi, me kuma aka ɗora mata wanda ya fi ƙarfinta?

Hasken da ido ba ya gani

UV taƙaitawa ce ta hasken altirabayolet, wani ɓangare na hasken rana da idon ɗan Adam ba ya iya gani. Wani Bajamushe, Johann Ritter, shi ya gano shi a 1801. Masana sun kasa shi gida uku: UV-A da UV-B da UV-C. Na farko da wani kaso na na biyu suna isowa doron ƙasa, su ne ke ƙona fata. Na ukun, wanda ya fi su illa ga duk wani abu mai rai, ba ya isowa gare mu, domin iskar ozon da ke can sama tana shanye shi.

Wannan na ukun shi ake samarwa da fitila. Yawanci dogon ƙwai ne mai ɗauke da tururin zaiba, yana fitar da haske mai zango nanomita 254. Idan hasken ya faɗa kan bakteriya ko bairos ko funfuna, sai ya lalata ƙwayar halittarsu ta yadda ba za su iya hayayyafa ba. Ƙwayar cutar da ba ta hayayyafa kuwa ba ta sa ciwo.

Kada a haɗa ta da fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita, ko wadda ake ratayewa a gidan abinci tana jawo ƙudaje. Waɗannan UV-A ne, ba su da ƙarfin da za a dogara da shi wajen kashe ƙwayar cuta.

Daga ƙyanda zuwa tarin fuka

Ba sabon ilimi ba ne. Tun a 1877 wasu Turawan Ingila biyu, Downes da Blunt, suka nuna cewa hasken rana yana hana bakteriya tsiro. A 1903 aka bai wa likitan Denmark, Niels Finsen, kyautar Nobel saboda maganin tarin fukar fata da ya riƙa yi da haske.

Wanda ya shigo da batun cikin ɗaki shi ne William Wells, wani injiniya Ba'amurke. Daga 1937 ya rataya irin waɗannan fitilu a saman azuzuwan wasu makarantu a yankin Philadelphia, suna haska iskar da ke kusa da rufi, sama da kawunan yara. Da annobar ƙyanda ta zo a 1941, fiye da rabin yaran da ba su taɓa yin ta ba sun kamu a azuzuwan da babu fitila, a inda take kuwa kusan kashi 13 cikin ɗari ne kawai. Sai dai da aka sake gwadawa a wasu makarantu na jihar New York, sakamakon bai yi armashi haka ba. Yaran da aka kare a aji sun riƙa ɗauko cutar a motar makaranta.

Gwajin da ya fi kusa da batunmu an yi shi ne a wani asibitin tsofaffin sojoji da ke Baltimore a ƙarshen shekarun 1950. Richard Riley da abokan aikinsa suka janyo iskar ɗakin masu tarin fuka ta bututu zuwa kejin ɓerayen Masar. Rabin iskar aka bi da ita ta gaban fitilar UV, rabi kuma aka bar ta yadda take. Ɓerayen da suka shaƙi iskar da ba a haska ba da dama sun kamu. Waɗanda suka shaƙi wadda aka haska, ko ɗaya bai kamu ba.

An maimaita makamancin wannan a birnin Lima na Peru, aka wallafa a 2009, inda fitilun saman ɗaki suka rage kamuwar ɓerayen da kusan kashi 70 cikin ɗari. A Afirka ta Kudu ma an samu kusan kashi 80 a wani bincike da aka fitar a 2015.

Saboda haka mai talla bai yi ƙarya ba idan ya ce asibitoci na amfani da ita. Abin da ba ya faɗa shi ne, waɗancan fitilu injiniyoyi ne suka auna ƙarfinsu da girman ɗaki da gudun iska kafin a kafa su. Ƙwai guda da aka soka a bututun gida wani abu ne daban.

Ƙasa da daƙiƙa ɗaya

A gidaje da yawa na Amurka da Kanada, na'ura guda ce ke ɗumama gida da hunturu, ta sanyaya shi da zafi. Babbar fanka ce ke zuƙo iskar ɗakuna, ta bi da ita ta matata, sannan ta ratsa koyil, wato naɗaɗɗen bututun ƙarfen da ke ɗaukar sanyi, ta sake rarraba ta ɗaki-ɗaki ta cikin bututai. Wuri biyu ake sa fitilar: ko dai a cikin bututun domin ta haska iskar da ke wucewa, ko kuma a gaban koyil domin ta haska shi kansa.

Duk maganar ta ta'allaƙa ne a kan abu biyu, ƙarfin haske da tsawon lokacin da ƙwayar cuta ta yi a gabansa. Iska a cikin irin wannan na'ura tana gudun kusan mita biyu da rabi a daƙiƙa guda, wani wurin ma fiye. Ke nan ƙwayar cutar da ta zo wucewa ta gaban fitila ba ta cika daƙiƙa ɗaya a cikin hasken. Wasu bairos masu rauni kan lalace a wannan ɗan lokaci idan fitilar na da ƙarfi sosai. Irin funfuna kuwa, mai kauri da taurin rai, sai ya wuce abinsa. Ga shi kuma sanyin iskar da ke kaɗa ƙwan yana rage ƙarfin hasken da yake bayarwa.

Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fito fili a jagorarta ta na'urorin tsaftace iskar gida cewa irin fitilun UV da aka saba sakawa a gidaje tasirinsu taƙaitacce ne wajen kashe bakteriya da funfuna da ke cikin iska, kuma ba sa maye gurbin matata.

Akwai wani abin da ake mantawa. Idan mai mura ya yi atishawa a falo, wanda ke zaune kusa da shi ya riga ya shaƙa tun kafin iskar ta kai ga bututu.

Inda take cin kuɗinta

Labarin ya sha bamban idan koyil aka sa ta haskawa. Koyil kullum a jiƙe yake, domin laimar da ke cikin iska tana taruwa a jikinsa kamar raɓa, ta ɗiga cikin kaskon da ke ƙarƙashi. Wurin ga duhu, ga danshi, ga ƙura ta maƙale. Funfuna ba ta neman fiye da haka. Wannan warin rumar da ke bugun hanci idan aka kunna iyakwandishan da ya daɗe ba a wanke ba, daga nan yake fitowa.

A nan koyil ba ya zuwa ko'ina. Fitila na kansa dare da rana, don haka ko mai ƙaramin ƙarfi ce, tana da isasshen lokaci. Wannan shi ne aikin da ta fi ƙwarewa a kai, kuma shi ne wanda aka fi samun hujja a kansa.

A 2003 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa binciken da Dick Menzies na Jami'ar McGill ya jagoranta a wasu gine-ginen ofisoshi uku a birnin Montreal, da ma'aikata 771. An sa fitilun a gaban koyil da kaskon ruwa, ana kunna su na wasu makonni ana kashewa, ba tare da ma'aikatan sun sani ba. Ƙwayoyin cutar da ke jikin wuraren da aka haska sun ragu da kashi 99 cikin ɗari, kuma koke-koken tari da toshewar hanci da makamantansu sun ragu a makonnin da fitilun ke kunne.

Akwai kuma ribar aljihu. Koyil mai tsafta iska ta fi ratsa shi da sauƙi, na'ura ba ta wahala. Amma haske ba ya zagaye kwana. Duk lungun da inuwa ta rufe, funfuna na nan daram, kuma dattin da ya riga ya daskare sai an wanke shi da hannu kafin a sa fitila.

Ƙura, hayaƙi da janareta

Fitilar UV ba ta cire komai daga cikin iska. Ba ta kama ƙura, ba ta kama hayaƙin taba ko na girki, ba ta taɓa gashin kyanwa ko garin furen da ke tayar wa masu asma da ciwo. Ko funfunar da ta kashe, gawarta tana nan tana yawo, kuma tana iya sa mai saurin kamuwa atishawa.

Aikin matata ne wannan. Ƙungiyar injiniyoyin ɗumamawa da sanyayawa ta Amurka, ASHRAE, a lokacin korona ta ba da shawarar matata mai lamba MERV 13 ga na'urorin da za su iya ɗaukarta. Matatar HEPA kuwa, wadda ake samu a ƙananan na'urorin tace iska na ɗaki, tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin da girmansu yake maikiron 0.3.

Wannan ya shafi mai sayen iyakwandishan a Kano ko Maraɗi kai tsaye. Abin da ya fi damun iskar ɗakunanmu shi ne ƙurar hunturu, da hayaƙin itace da gawayi, da na maganin sauro na kunnawa, da na janareta. Babu ɗaya daga ciki da fitilar UV za ta iya yi wa komai. Na janareta ma ya fi haɗari, domin iskar kabon monoksaid da ke cikinsa ba ta da wari, kuma tana kashe mutane suna barci. Babu fitila ko matatar ƙura da ke tare ta. Maganinta kawai a ajiye janareta a waje, nesa da taga.

Haka kuma iyakwandishan ɗin bango ba ya shigo da sabuwar iska daga waje, ta cikin ɗakin yake ta juyawa. Ƙananan fitilun UV da ake sakawa a ciki, kamar wadda kamfanin LG ke kira UVnano, fankar cikin na'urar suke haskawa domin kada ƙwayoyin cuta su taru a jikinta. Amfani ne, ba a musu. Amma mai saye ya san abin da yake biya wa kuɗi: tsaftar cikin na'ura, ba kariya daga murar wanda ke kwance a gefensa ba. Wanke ragar da ke gaban na'urar duk bayan mako biyu, musamman da hunturu, ba ya cin ko sisi.

A kula da ido

Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon mai walda, ya wayi gari ido ya yi ja kamar an zuba masa yashi, ya ɗanɗani abin da hasken UV ke yi. Fitilar UV-C ma haka take. Abin da ya sa take yaudara shi ne ba a jin komai nan take, sai bayan sa'o'i shida zuwa goma sha biyu raɗaɗin ke tasowa. Tana kuma ƙona fata. Duk mai buɗe na'urar da ke da ita, dole ya kashe ta tukuna, kuma ingantacciya tana zuwa da makunnin da ke yanke mata wuta da zarar an buɗe murfi. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a kan wasu sandunan UV na hannu da ake sayarwa, saboda suna fitar da hasken da zai iya cutar da ido da fata cikin daƙiƙoƙi.

Wasu fitilun kuma suna fitar da haske mai zango nanomita 185, wanda ke mayar da iskar da muke shaƙa ta koma ozon. Ozon a can sama garkuwa ce, a cikin ɗaki kuwa tana ƙona huhu, tana tayar da asma. Shi ya sa jihar California ta hana sayar da na'urar tsaftace iskar gida da ke fitar da ozon fiye da kashi 0.05 cikin miliyan. Mai saye ya nemi wadda aka rubuta ƙarara cewa ba ta fitar da ita.

Hasken yana cin roba da rigar waya a hankali, har su yi ta marmashewa, don haka wurin da aka kafa ta sai wanda ya san aikin.

Yanzu masana, ciki har da David Brenner na Jami'ar Columbia, suna nazarin wani nau'i mai zango nanomita 222, wanda ba ya ratsa matacciyar fatar da ke saman jiki, da fatan wata rana a riƙa kunna shi a ɗakin da mutane ke zaune. Yana da tsada, kuma shi ma yana samar da 'yar ozon.

Wanda ya riga ya sa fitilar zaiba a na'urarsa kuwa, ya rubuta ranar da aka kafa ta. Irin wannan ƙwai yana aiki sosai na kimanin sa'o'i 9,000, wato shekara guda idan a kunne yake kullum. Bayan haka zai ci gaba da ba da shuɗin haskensa kamar sabo, alhali ƙarfin da ke kashe ƙwayar cuta ya ja baya, domin shuɗin da ake gani ba shi ne UV ɗin ba. Idan an cire tsohon, kada a fasa shi ko a jefa shi a shara inda yara ke wasa, akwai zaiba a ciki.