Batirin Sola Ma Yana Tsufa

 Yau zancenmu a kan wutar sola ne, wadda ta shiga gidaje da yawa a Gusau da Tsafe da Bungudu. Sau da dama uwargida takan ce, "Bara fitilarmu tana kaiwa asuba, bana kuwa ko lisha ba a yi ba ta mutu." Sai a ɗora wa farantin da ke bisa rufi laifi, alhali kuwa batir ne ya tsufa.

Ku ɗauki batir kamar randa. Da rana faranti yana zuba masa wuta, da dare ku ɗiba. A cikinsa akwai fallayen dalma tsome cikin ruwa mai guba. In aka zuƙe shi ƙarƙaf aka bar shi haka, sai wani farin gishiri ya daskare a jikin fallayen. Ya zama randar da laka ta cinye rabinta ke nan, nan da nan ta cika, nan da nan ta ƙare.

Babban abokin gabansa kuwa zafi ne. Ma'aunin 25 ya fi so, in aka ƙara 10 bisa wannan kullum, kwanansa yakan ragu da rabi. Ga shi zafin bazararmu yakan kai 40. Saboda haka ku ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da murhu. Kada ku sha fiye da rabin wutarsa, ku bar dutsen guga na lantarki. In mai shan ruwa ne, a ƙara masa tataccen ruwan batir, ban da na rijiya. Kada a haɗa sabo da tsoho, domin tsohon zai ja sabon ƙasa. Lokacin hunturu ku sa a riƙa goge ƙurar faranti.

Ko da kulawa, batirin dalma yakan gaji bayan shekara 3 zuwa 5. To, ku fara adashinsa tun yau.

Sauran magana ɗaya. Ba mu manta da 2010 ba, sa'ad da gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Dalmar nan ita ce a cikin batir. Kada ku yarda a fasa mataccen batir a tsakar gida, ko yara su yi wasa da shi. A mayar wa mai sayarwa.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.